Ciwon Cikin Yara Mai Yawan Dawowa a Gaɓar Tafkin Kainji: A Yi Gwaji Kafin a Sayi Kwalba

1.0 Gabatarwa

A ranar kasuwa a Yelwa ko a Wara, da wuya a rasa ganin uwa ko kaka riƙe da hannun yaro ɗan shekara takwas zuwa goma a bakin shagon mai kemis. Bayaninta ba ya da tsawo: "Malam, cikin nan dai ya sake tashi. Wata na uku ke nan, ya lafa ya dawo." Mai shago zai miƙa hannu ya sauko da kwalbar ruwan bitamin, ko maganin ƙarin jini, ko wani gari a ƙunshe da aka ce yana gyara hanji, ya ce: "Inna, a ba shi cokali ɗaya safe da yamma, in Allah ya yarda zai bari." Bayan kwana huɗu ciwon ya lafa, a sa wa kwalba albarka. Bayan mako uku ya dawo, a sake shiga kwalekwale ko a hau babur a je a sayo wata.

Abin da ake nufi da ƙarin abinci a wannan maƙala shi ne duk wani sinadari da ake sayarwa a kwalba ko a ƙwaya ko a gari domin cike giɓin abincin yau da kullum. Ya ƙunshi bitamin, da sinadarin ƙarfe na ƙarin jini, da zinki, da garin ganyaye irin su zogale, da faiba, wato ɓangaren abinci mai dusa-dusa da hanji ba ya narkarwa, da kuma furobayotik, waɗanda ƙwayoyin halitta ne masu rai da ake fatan su zauna a hanji su amfane shi. Ra'ayin da maƙalar take karewa shi ne: a ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, da sauran garuruwan gaɓar Tafkin Kainji, bai kamata ƙarin abinci ya zama matakin farko na magance ciwon cikin yaro mai yawan dawowa ba. Gurbinsa yana ƙarshen layi, bayan an duba bayan gida da fitsari da jinin yaron.

2.0 Ma'anar ciwon da asalin nazarinsa

A shekarar 1958 wani likitan yara a birnin Bristol na Ingila, John Apley, tare da abokiyar aikinsa Nora Naish, suka wallafa binciken da suka yi a kan 'yan makaranta 1,000. Sun gano cewa kimanin ɗaya cikin goma yana fama da ciwon ciki mai zuwa yana dawowa. Ma'aunin da suka kafa ya daɗe ana aiki da shi: ciwon ya taso aƙalla sau uku, a tsawon aƙalla wata uku, kuma ya yi tsananin da zai hana yaro harkokinsa. Apley ya kuma lura cewa a cikin yaran da ya duba, ƙasa da ɗaya cikin goma ne aka samu wata cuta bayyananniya a jikinsu. Sauran ana duba su a ga komai lafiya, alhali kuwa ciwon da suke ji na gaske ne.

Likitocin zamani sun faɗaɗa wannan fahimta. Ƙa'idojin da ake kira na Roma, waɗanda aka fitar da bugu na huɗu a 2016, suna ɗaukar irin wannan ciwo a matsayin tangarɗar saƙo tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa. Hanjin yaron yana da saurin jin motsi da kumburin da wani yaron ba zai ji ba, tsoro ko damuwa kuma suna ƙara wa abin ƙarfi. Sai dai akwai sharaɗin da ake yawan mantawa. Ba a kiran ciwo da wannan suna sai an yi binciken da ya dace an ga babu wata cutar da za ta bayyana shi. Ciwon ciki alama ce, kuma ruwa ba ya tsami banza.

3.0 Abin da bincike ya nuna game da ƙarin abinci

Adalci ne a fara da abin da yake goyon bayan kwalbar. A shekarar 2017 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace gwaje-gwajen magunguna, ta tattara gwaji 19 da aka yi a kan yara 1,453 masu wannan ciwo. Mafi yawan gwaje-gwajen a kan furobayotik ne, musamman wasu nau'o'i biyu na ƙwayar Lactobacillus. Sakamakon ya nuna cewa yaran da aka ba furobayotik sun ɗan fi waɗanda aka ba maganin wofi samun sauƙi. Maganin wofi shi ne ƙwaya ko ruwa mai kama da magani wanda ba a sa komai a cikinsa ba. Girman amfanin shi ne abin lura: sai an ba yara takwas kafin a samu ɗaya da ya ji sauƙin da ba zai ji ba da maganin wofi aka ba shi. Game da faiba kuwa, masu tacewar ba su samu gamsasshiyar hujja ba. Ruwan bitamin da maganin ƙarin jini, waɗanda su aka fi miƙa wa iyaye a shaguna, ba su da wata hujjar gwaji da ta nuna suna warkar da wannan ciwo.

Akwai abu na biyu da yake bayyana dalilin da ya sa kwalba take samun yabo. A gwaje-gwajen irin wannan ciwo, kusan huɗu cikin goma na yaran da aka ba maganin wofi sukan ce sun ji sauƙi. Ɗabi'ar ciwon ce ya tashi ya kwanta. Uwa ba ta zuwa kemis sai ranar da ya yi tsanani, daga tsanani kuma sai sauƙi, ko an sha wani abu ko ba a sha ba. Shaidar da take bayarwa gaskiya ce a iya abin da idonta ya gani, amma ba ta isa ta tabbatar da cewa kwalbar ce ta yi aikin ba.

Abu na uku shi ne mafi nauyi. An yi waɗannan gwaje-gwaje ne a ƙasashe irin su Italiya da Amurka da Folan da Iran, akasari a asibitocin ƙwararru, a kan yaran da aka riga aka tantance aka tabbatar ba su da tsutsar ciki ko wata cutar hanji. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka yi a Afirka ta Yamma. Ɗaukar sakamakonsu a ɗora wa ɗan masunci da ba a taɓa duba bahayarsa ba, ɗinkin rigar wani ne a jikin wani.

4.0 Yaron Bristol da yaron gaɓar Kainji

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Ruwan Kogin Neja, wanda mutanen yankin suke kira Kwara, ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ƙarshensa na arewa yana wajen Yelwa. An tayar da mutane kimanin 44,000 daga tsibirai da gaɓoɓi, cikinsu har da Gungawa da Kambari da Lopawa, aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka. Har yau rayuwar yankin a kan ruwan take. Sarkawa da sauran masunta suna kamun kifi, manoma suna bin ruwa idan ya janye su shuka albasa da shinkafa, mata suna wanki da wanke-wanke a gaɓa, yara kuma suna iyo tun kafin su iya karatu. Bikin Rigata da ake yi a Yauri shaida ne a kan wannan zumunci na mutum da kogi.

Ruwa mai kwanciya da ciyayi shi ne mazaunin katantanwar da take ɗauke da tsargiya, kuma tun farkon shekarun 1970 binciken ma'aikatan Hukumar Lafiya ta Duniya ya tabbatar da cutar a kewayen tafkin. Bahaushe ya fi sanin tsargiyar mafitsara, mai sa fitsarin jini. Akwai kuma ta hanji, wadda tsutsar Schistosoma mansoni take haddasawa, ita ce kuma ta fi ɓuya. Ƙwan tsutsar yana fita a bahayar mai cutar, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga katantanwa ya hayayyafa, sannan 'ya'yan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Idan sun girma sai su zauna a jijiyoyin jinin da suke kewaye da hanji, su yi shekaru suna zuba ƙwai. Wasu ƙwayayen suna maƙalewa a bangon hanji, wasu jini ya kai su hanta. Alamar farko ita ce ciwon ciki mai zuwa yana dawowa, wani lokaci da gudawa ko ɗigon jini. Idan aka yi shekaru ba a magance ba, hanta takan taurare, saifa ta kumbura, ciki ya tara ruwa, daga ƙarshe matashi ya yi aman jini. Maganinta, firazikwantel, ana shan sa ne sau ɗaya gwargwadon nauyin yaro, miligiram 40 ga kowane kilo, ko gwargwadon tsayinsa a jikin sandar awo.

Bayan tsargiya akwai tsutsotsin ciki da ake ɗauka daga ƙasa da abinci, waɗanda ƙwayar albendazol guda ɗaya take rage su ƙwarai. Akwai giyadiya da amiba da ake sha a ruwa marar tsabta, waɗanda albendazol ɗin rabon makaranta ba ya wadatarwa a kansu. Akwai zazzaɓin cizon sauro, wanda yakan zo wa yara da ciwon ciki da amai. Binciken ƙasa na 2018 da na 2021 duka sun nuna Jihar Kebbi ce kan gaba a Nijeriya, inda aka samu ƙwayar cutar a jinin kusan rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada. Akwai amosanin jini, wato sikila, wanda yakan kama ciki kamar yadda yake kama ƙashi, Nijeriya kuwa ita ce ƙasar da aka fi haihuwar masu shi a duniya.

Sai kuma dalma. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda daka da niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje. A 2015 irin haka ta faru a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Jihohin biyu maƙwabtan Kebbi ne, yankin Birnin Yauri kuma yana cikin wuraren da aka daɗe da sanin akwai zinare, ana kuma haƙarsa da hannu. Murɗar ciki da taurin bahaya da ƙarancin jini suna cikin alamun gubar dalma. Wannan ba hukunci ba ne cewa dutsen Yauri yana ɗauke da dalma kamar na Bagega. Dalili ne dai da ya isa ya sa duk ma'aikacin lafiya ya tambayi uwa: "Ana kawo dutsen zinare gidanku?" Haka nan ya tambaya game da tozali, domin wani nau'insa daga dutsen dalma ake yin sa.

Lissafin Apley na ƙasa da ɗaya cikin goma lissafin garin da yake da famfo da masai ne. Wanda ya ɗauke shi ya kai tsibiran Kainji ba tare da gyara ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

5.0 Jinkiri da illar kwalbar kanta

Babbar illar ƙarin abinci a wannan yanayi ita ce jinkirin da yake haifarwa. Kowace kwalba tana sayen makonni na kwanciyar hankali, a cikin makonnin kuwa tsutsa tana ci gaba da zuba ƙwai a hanta. Kuɗin kwalabe huɗu ko biyar, haɗe da kuɗin jirgi ko babur, zai iya biyan gwajin bayan gida da na jini a babban asibitin Yauri. Iyalin da suke zaton suna tattali, asara suke yi sau biyu.

Kwalbar kanta ma ba kullum take zama marar laifi ba. Maganin ƙarin jini yana sa taurin bahaya da tashin zuciya da ciwon ciki, wato ainihin abin da aka saye shi dominsa. Idan yaro ya samu kwalbar ya shanye, guba ce mai iya kisa. A tsibirin Pemba na Tanzaniya an yi wani babban gwaji, aka wallafa shi a 2006, inda aka riƙa ba ƙananan yara sinadarin ƙarfe da folik asid kullum a yankin da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Dole aka dakatar da wannan ɓangare na gwajin, domin yaran da aka ba sun fi sauran yawan kwanciya a asibiti ko rasuwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shardanta cewa a irin waɗannan yankuna a haɗa ba da ƙarfe da rigakafi da maganin zazzaɓin. Jihar da binciken 2018 da na 2021 suka nuna tana kan gaba a zazzaɓin cizon sauro ita ta fi cancantar ta kiyaye wannan sharaɗi.

Wasu ruwan bitamin ana zaƙaƙa su da sinadaran da suke sa kumburi da gudawa. Garin ƙarin kuzari mai madara yana iya tayar da cikin yaron da hanjinsa ba ya narkar da sukarin madara, irin waɗannan yara kuwa suna da yawa a Afirka ta Yamma. Furobayotik halitta ne mai rai, zafi yana kashe shi. Ƙunshin da ya yi watanni a kan kanta a ƙarƙashin rufin kwano, a garin da zafin bazara yake haura digiri 40, babu mai iya lamunce abin da ya rage a cikinsa.

Akwai kuma batun lamba. Jama'a sun koyi duba lambar hukumar NAFDAC, wannan kuma ci gaba ne. Amma a kan yawancin kayan ganye, lambar tana nuna cewa an duba lafiyar shan kayan ne kawai, shi ya sa ake wajabta rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Da Turanci ake rubuta wannan gargaɗi, da ƙananan baƙaƙe, mai talla da lasifika kuwa da Hausa yake magana. Tarihi ma ya ba da darasi a kan ɗura wa yara ruwan kwalba ba bisa buƙata ba. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda wani sinadari mai guba ya gurɓata, ya kashe yara 84 a Nijeriya. Duk abin da za a ba yaro yana da haɗari komai ƙanƙantarsa, kuma amfanin da aka tabbatar ne kaɗai yake halatta ɗaukar haɗarin.

6.0 Hujjar masu goyon baya

Masu kare wannan al'ada suna da hujjoji uku da bai kamata a raina su ba. Ta farko ita ce nisa. Mutumin tsibiri ko na ƙauyen Shanga da yake yini a hanya kafin ya ga likita, in an ce masa sai ya yi gwaji, kamar an ce masa ya zauna da ciwon ne. Wannan gaskiya ce, amma hujja ce a kan hukuma ta kusanto da gwaji. Duba bayan gida da fitsari ba ya buƙatar fiye da madubin hangen ƙwayoyin cuta da 'yan sinadarai da ma'aikaci ɗaya da ya ƙware. Gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa yana ba da sakamako cikin minti ashirin. Inda tsargiya ta yawaita ma, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta ce a raba firazikwantel ga kowa daga ɗan shekara biyu zuwa sama, sau ɗaya a shekara, idan yawan masu cutar ya kai kashi 10 cikin 100, ba tare da jiran gwada kowa ba.

Hujja ta biyu ita ce yaran yankin suna fama da ƙarancin abinci mai gina jiki, don haka ƙarin ba zai rasa amfani ba. Ƙarin abinci yana da gurabe da hujja ta tabbatar. Zinki da ruwan gishiri da sukari suna rage tsanani da tsawon gudawa, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka bayar tun 2004, ana shan zinkin kwana 10 zuwa 14. Bitamin A da ake ɗiga wa ƙananan yara sau biyu a shekara yana ceton rayuka. Abincin gyaɗa na musamman yana tayar da yaro mai tamowa. Yaron da gwaji ya nuna yana da ƙarancin ƙarfe, ko dalma ta shiga jininsa, yana amfana da ƙarfe da kalsiyam a ƙarƙashin kulawar likita. A kowane misali an san giɓin kafin a cike shi. Matsalar kwalbar kemis ita ce ana cike giɓin da ba a auna ba, domin ciwon da ba a san dalilinsa ba.

Hujja ta uku ita ce idan maganin wofi ma yana kawo sauƙi, mene ne laifin kwalbar da take kwantar da hankalin uwa da ɗa? Ga yaron da aka tantance aka ga lafiyarsa ƙalau, laifin kaɗan ne, ban da kuɗin da aka kashe. Ga wanda ba a tantance ba, kwanciyar hankalin ita ce haɗarin.

7.0 Idan gwaji ya fito babu komai

Za a samu yara da yawa da za a duba su a ga babu tsutsa, babu zazzaɓi, jini lafiya. A nan ne ilimin Apley yake aiki. Abu na farko da za a tambaya shi ne bahaya, domin taurinta yana cikin manyan dalilan wannan ciwo, yaro kuma yakan riƙe ta saboda kunya ko rashin masai a makaranta. Tuwon dawa ko gero da ba a cashe dusarsa duka ba, da wake, da miyar kuka ko kuɓewa, da kwaɗon zogale, da isasshen ruwa mai tsabta, sun ƙunshi faibar da ake sayarwa da tsada. Kindirmon da aka yi da dafaffiyar madara abinci ne mai kyau mai ƙwayoyin tsami masu rai, ko da yake ba su ne nau'in da aka gwada a Turai ba, don haka abinci za a kira shi, kada a kira shi magani.

Abu na biyu shi ne zuciyar yaron. Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. A ranar 26 ga Mayu, 2021 jirgin ruwa ya kife a kusa da Wara, mutane masu yawa suka halaka. A ranar 17 ga Yuni na shekarar 'yan bindiga suka sace ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, wasu 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. Yaran da suka tashi suna jin waɗannan labarai, ko suka taɓa kwana a daji saboda gudun hari, ba abin mamaki ba ne idan cikinsu ya riƙa murɗawa da safe a lokacin tafiya makaranta. Ba ƙarya suke yi ba, kuma babu bitamin da yake maganin tsoro. Gwaje-gwaje sun nuna cewa zama da yaro a koya masa dabarun fuskantar ciwo da damuwa yana taimakawa. Wani bincike da Lynn Walker da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2006 ya nuna cewa idan iyaye suka tsare yaro da tambayar ciwon, kokensa yana ƙaruwa, idan kuma suka ɗauke hankalinsa zuwa wani abu, yana raguwa. Bayanin likita cewa ciwon na gaske ne amma ba mai halakarwa ba ne, da mayar da yaro makaranta, su ne ginshiƙin magani. Bayan wannan, idan likita ya ga dacewar gwada furobayotik na makonni huɗu zuwa takwas, daga nau'in da aka gwada, wanda aka adana yadda ya kamata, babu laifi, da sharaɗin a daina idan ba a ga canji ba.

8.0 Shawarwari

Iyaye da malaman makarantun boko da na allo su san alamun da ba a jira da su: ramewa ko tsayawar girma, jini a bahaya ko fitsari, amai mai jini ko mai launin kore, zazzaɓi, ɗashewar ido da tafin hannu, shawara, kumburin ciki, ciwon da yake tayar da yaro daga barci, da ciwon da ya tsaya a gefe ɗaya. Apley da kansa ya lura cewa gwargwadon nisan ciwo daga cibiya, gwargwadon yiwuwar akwai cuta a ƙarƙashinsa.

Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta Jihar Kebbi ta tabbatar cewa manyan cibiyoyin lafiya na gaɓar tafki suna da madubin gwaji da ma'aikacinsa. Rabon firazikwantel da albendazol da aka saba yi ta makarantu ya tsallaka zuwa tungayen masunta da tsibirai da tsangayu, domin yaran da suka fi daɗewa a cikin ruwa su ne suka fi ƙarancin zama a aji. Magani ba ya hana sake kamuwa, saboda haka rijiyoyin burtsatse da masai ɓangare ne na maganin ciwon ciki.

Masu kemis su ne ƙofar farko, kuma ba abokan gaba ba ne. Ƙungiyarsu da hukumar da take ba su lasisi za su iya koya musu ƙa'ida ɗaya mai sauƙin riƙewa: ciwon cikin yaro da ya dawo sau uku, a tura shi gwaji kafin a sayar da komai.

Jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero da Sakkwato suna da aiki biyu. Masana lafiya su binciki dalilan wannan ciwo a yaran gaɓar Kainji, domin a samu lissafin gida maimakon na aro. Masana harshe kuma su tattara kalmomin da jama'a suke siffanta ciwon da su, irin su murɗa da ƙullewa da kumburi da ƙwarnafi da suka, tare da takwarorinsu a harsunan Gungawa da Kambari, domin ma'aikacin lafiya ya ji bambancin da uwa take nufi idan ta ce "ciki". Su ne kuma za su samar da ingantacciyar Hausar gargaɗin da ya kamata a rubuta a jikin kwalabe, a kuma karanta a rediyo.

9.0 Kammalawa

An nuna cewa hujjar amfanin ƙarin abinci ga ciwon cikin yara mai yawan dawowa ƙarama ce, ta taƙaita ga wasu nau'o'in furobayotik, kuma an samo ta ne daga yaran da aka riga aka tantance. An kuma nuna cewa yaron Yauri da Ngaski da Shanga yana zaune ne a inda tsargiya da tsutsar ciki da zazzaɓin cizon sauro da amosanin jini suke da yawa, cututtukan da ake iya ganowa da gwaji mai sauƙi, akasarinsu kuma suna da magani mai araha. Uwar da take tsaye a bakin kemis ta yi abin da take iyawa da abin da ta sani. Nauyin yana kan wanda ya miƙa mata kwalba ba tare da tambaya ba, da hukumar da ba ta kai mata madubin gwaji kusa ba, da masanan da ba su faɗa mata da harshenta ba. Tambayar da ya kamata ta riga kowace kwalba gajera ce: "Inna, an duba bayan gidansa?"